Kifin Sanyi a Wurin Wankin Mata

Abin nan ya faru ne a sanyin shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula karo na farko, shekarar da mu mata muka shiga layi muna dangwala yatsa kamar kowa. Babban farin nan da ya kashe shanu ya riga ya wuce da 'yan shekaru. An riga an canja kuɗi daga fam zuwa naira, an kuma datse kogi can sama, ruwan Wudil ya daina irin haukan da muka san shi da shi muna yara. Ni kuwa ina goyon 'yata ta uku. Da goyo nake riƙe lissafina, kuma bai taɓa ɓace mini ba.

Mu gidan masunta ne, a bakin kogi, ƙasa da Sabon Gari. Ba a yi mana kulle irin na matan cikin gari, don aikinmu a waje yake. Sana'ata banda. A kawo mini kifi, in feɗe, in wanke, in lanƙwasa, in jera a kan waya, in hura masa hayaƙi a hankali har ya yi ja. Ban taɓa taka jirgi da sunan kamun kifi ba. Amma cikin kifin da hannun nan nawa ya buɗe, babu masuncin da ya buɗe rabinsa, duk Wudil.

Maigidana, Malam, ya yi shekara uku a bakin teku, can bayan Ikko, inda ruwan gishiri yake shigowa cikin tafkuna, sai dai ya leƙo gida da sallah ya koma. Ya dawo gab da zaɓe, da birgi sabo fil, wato tarun nan da ake jefawa ya buɗe kamar faifai kafin ya sauka. Ya dawo da labari kuma. Wai a can ruwa yana hawa yana sauka sau biyu kullum, kifi yana bin sa zuwa baki. Wai su ba su san sanyi ba, watan da muke rawar ɗari su riga ɗaya suke sawa, kuma da sallar asuba kowa ya hau ruwa, rani da damina.

A nan Wudil kuwa, da sanyi ya kama, yawancin masunta rataye taru suke yi su koma fadama. 'Yan gurabe masu zurfi da kifi yake fakewa a ciki duk da masu su, dattawa ne, sun gada. Malam ya tsaya a bainar jama'a ya ce rataye taru ragwanta ce. Ya ce shi zai nuna musu yadda ake yi a teku.

Kullum da ya sallame asuba sai ya ɗauki birgi. Ya dawo da hantsi, leɓe ya bushe, yatsu sun ƙage, da 'yan karfasa uku ko huɗu waɗanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ɗauka. Haka aka yi ta yi har wata ya kusa cika. Ni kifin wasu nake karɓa ina bandawa, mijina yana da jirgi.

Jirgin nan shi ne maganar. Kwale-kwale ne na mahaifinsu, su biyu suka gada, shi da wansa da muke kira Yaya. Yaya ya daina shiga ruwa saboda ciwon ƙirji, amma shi ne babba, maganarsa ce a kai. To a shekarar nan gine-gine suka tashi ko'ina, kowane ɗan siyasa yana son bene. Tifofi suka cika bakin kogi, masu yashi suna neman jiragen da za su riƙa ɗebo musu daga tsakiyar ruwa. Kowa ya sani jirgin da ya fara ɗaukar yashi ba ya komawa kamun kifi. Nauyi yake buɗe masa ciki, damina biyu ya zama itacen girki.

Ranar wata Asabar Yaya ya zo zaure. Ina bayan katanga ina juya banda, duk ina ji.

Ya ce, “Kai, na ba ka wata guda. Me ka kawo?”

Malam ya ce, “Yaya, ruwan ne bai daidaita ba tukuna.”

“Ruwan ne bai daidaita ba ko kai ne? Nan ba Ikko ba ce. Gidana da gidanka bakuna nawa ne? Masu yashi sun zo mini sau uku. Juma'a ranar kasuwa za su dawo. In har zuwa ranar ban ga kifin da za a kai kasuwa ba, zan ba su jirgin, kai kuma ka zo mu je fadama.”

Malam ya miƙe. Ya shigo ya wuce ni kamar bai gan ni ba.

Ni kuwa na daɗe da sanin inda kifin yake. Ba wayo ba ne na musamman, aikina ne ya nuna mini. Duk karfasar da aka kamo da safe a lokacin sanyi, in ka buɗe cikinta wayam yake, hanji siriri kamar zare. Kifin bai ci komai ba, yana can ƙasa a maƙale yana jin ɗari kamar mu. Sannan ga wurin wankinmu. Akwai wata kwana da kogi ya yi, ruwan bai wuce gwiwa ba, ƙasansa baƙin laka ne, ga gaɓa doguwa ta tare iska. Ba don komai mata suka zaɓi wurin ba sai don bayan azahar ruwan yana yin ɗumi, lakar ta sha rana ta riƙe. Kana tsaye kana wanki za ka ji abu yana gogar ƙafarka. In ka ɗaga kai can gaba kaɗan, sai ka ga laka tana tashi a dunƙule, alamar manya ne suke kiwo. Mun sani sarai. Amma wa zai tambayi mai wanki? Kuma namiji ba ya zuwa wurin. Tun kakanni, ko jirgi ne zai wuce sai mai shi ya yi gyaran murya daga nesa, ya bi ɗaya gaɓar, ya kau da kai.

Da la'asar na ce, “Malam, ina da magana.”

Ya ce, “Ina jin ki.”

“Kifin nan ba ya fitowa da asuba. Sai rana ta take. Kuma yana wurin wankinmu.”

Ya dube ni, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Yanzu ni, da na yi shekara uku a kan teku, in bari sai rana ta take kamar mai zuwa cin tuwon suna, in je in jefa birgi a tsakiyar zannuwan mata? So kike a sa ni a waƙa?”

Na ce, “In aka ba da jirgin ma ai za a sa ka.”

Ya tashi ya fita. Lahadi ya tafi da asuba, Litinin ma haka. Abin da ya kawo bai rufe gindin kwano ba.

Ranar Talata na je wanki da faccalata, matar Yaya. Ita ma ba ta son a ba da jirgin, don ta ce ranar da ya bar gidan nan mun tashi daga masunta mun koma masu labarin kifi. Muka kama bakin wani tsohon zane, ita can ni nan, muka nutsa shi, muka tako a hankali zuwa gaɓa, muka ɗaga. Karfasa biyar, kowace ta fi tafin hannuna. Na ƙulle su a zanen na kawo gida.

Na tarar da Malam yana ɗinkin birgin da babu abin da ya yaga shi. Na ajiye faifai a gabansa. Na ɗauko ɗaya daga cikin nasa na safe na feɗe, na ajiye hanjin a gefe. Na ɗauko tawa na feɗe. Cikinta dam, kore shar da gansakuka, har yana tsinkewa.

Na ce, “Wannan taka ce, ta asuba. Wannan tawa ce, ta azahar. Da zane na kama.”

Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya taɓa hanjin. Sai ya ce, “Da zane?”

“Da zane. Wanda ya tsufa ma.”

Ya ce, “To matan fa?”

Na ce, “Bar ni da mata.”

Uwar wurin wanki a lokacin Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinsu Malam, tsohuwar da bakinta ya fi wuƙata kaifi. Laraba da safe na je na durƙusa na gaishe ta, na tambayi ƙafa, na tambayi sanyi, sannan na faɗa mata buƙata: ranar Alhamis mata su yi wanki da hantsi, su bar wurin daga azahar zuwa la'asar.

Ta ce, “Au! Sarkin teku ne zai sauko wurinmu? Shi da ya ce mazan garin nan ragwaye ne?”

Na ce, “Gwaggo, jirgin yayanki ne za a loda wa yashi.”

Can ta ce, “Ni na shafa wa jirgin nan man kaɗe ranar da aka fara sa shi a ruwa. To, mata za su tashi. Amma ni ba inda za ni. Ina zaune a kan gaɓa, in ga yadda ake yi a Ikko.”

Alhamis Malam ya yi azahar, ya ɗauki birgi. Sai da ya ratsa ta gaban masu yashi, suna zaune a inuwar tifa. Ina biye daga nesa da kwando a ka, goyo a baya. Na ji wani ya ɗaga murya, “Malam, yau makara aka yi? Ko kifin ne ya ce a zo bayan ya yi sallah?” Aka kwashe da dariya. Bai waiwaya ba, amma na ga wuyansa ya sandare.

Nan ne fa zan ba shi haƙƙinsa, don ba na cin haƙƙin mamaci. Abin da ya koyo a teku ba ƙarya ba ne. Da wani ne ya shigo da jirgi yana buga ruwa, da kafin ya iso kifin ya watse, don ruwan sanyi garau yake, kifi yana ganin komai. Shi kuwa ya zagayo ta ƙasa, ya ajiye filafilin tuƙi, ya bar jirgin yana silalowa da kansa, ya zaɓi gefen da inuwarsa ba za ta faɗa kan lakar ba. Ya tsaya cak a kan jirgi kamar an dasa shi. Ya daɗe haka, har Gwaggo ta ce mini, “Ko barci ya yi?” Sai ya murɗa ƙugu ya saki. Birgin nan ya buɗe gaba ɗaya, ya sauka ba ƙara.

Da ya fara ja, igiyar ta miƙe. Na ga ya ƙara kafa ƙafa. Karfasa ce manya-manya, da tarwaɗa biyu suna ta bugun cikin jirgi. Gwaggo ta miƙe tsaye, ita da take kukan gwiwa, ta rangaɗa guɗa. Matan da aka ce su tafi ashe ba su tafi ba, suna bayan gaɓa a laɓe. Suka fito suna tafi.

Gwaggo ta ce, “Kai ɗan nan! Shekara uku a teku, ashe kifinka yana ƙarƙashin ƙafar matarka!”

Ya jefa sau shida ko bakwai. Da inuwar gaɓa ta fara rufe ruwan, kifin ya ɗauke ɗif, kamar an kira shi. Na ce masa ya isa, sun koma ƙasa. Wannan karon bai yi gardama ba. Kwandona ya cika, muka ari na Gwaggo. Kowace mace da ta bar wankinta ta tafi gida da na miya.

Juma'a da safe Yaya ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi. Na ja mayafi na koma gefe. Ya tsaya a kan bandar, ya ɗaga tarwaɗa ɗaya ya juya ta, ya mayar.

Ya ce da Malam, “A ina?”

Malam ya sunkuyar da kai. “Wurin wankin mata.”

“Wa ya nuna maka?”

Malam ya ƙara sunkuyar da kai. Yaya ya dubi inda nake tsaye, ni kuma ina kallon ƙasa kamar yadda ya kamata, amma wallahi ƙirjina ya cika. Bai yi mini magana ba, ba a yin haka tsakanin mace da wan mijinta. Ya dai ce, “To. Allah ya yi albarka.” Da masu yashi suka zo, daga zaure ya sallame su.

Daga sanyin nan aka yi tsari da Gwaggo: kwana biyu a mako mata su bar wurin bayan azahar, kuma duk wadda ta matsa tana da rabonta. Jirgin ya ƙara shekaru masu yawa a kan ruwa, da kifinsa aka aurar da 'ya'yana duka. Malam har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa a gaban maza cewa ni na nuna masa ba. Amma duk shekara, da sanyi ya kama, kifin farko da ya kamo sai ya ajiye a gabana ya ce, “Buɗe mu gani.” Sai na buɗe na faɗa masa, sannan ya san lokacin fita.

Gwaggo ta rasu tun kafin soja su sake dawowa. Yaya ya bi ta, sannan Malam. Wurin wankin ma masu yashi sun cinye shi, yanzu rami ne. Cikin waɗanda suka tsaya a gaɓar nan ranar Alhamis ɗin, saura ni da faccalata, tana Kausani wurin ɗanta, ido ya tafi amma kunne garau. Sai 'yar da nake goye da ita, wadda yanzu ita ma jikoki gare ta. Faccalata har yau cewa take ita ce ta riƙe bakin zanen da ya fi nauyi. Na bar mata wannan. Amma wuƙar da ta buɗe cikin kifin, a hannuna take.