Malam Othniel da Fijon da Ba Ta Tashi

Ƙarfe shida da rabi na safe Malam Othniel Bawa yake fitowa daga gidansa a Jushi, usur a wuya, farin kambas a ƙafa. Ya shiga tsohuwar Fijonsa, ya murza makulli. Ta yi tari biyu ta yi shiru. Sai ya leƙo ta taga ya ce, "Jama'a, a taimaka." Shekara huɗu ke nan ana haka a layinmu.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da motsa jiki a wata firamare a Samaru. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma garinsu. Ba wanda ya taɓa ba shi lambar yabo. Ni ma ba ni da ita. Biro nake da shi.

A 2002 likita a asibitin Shika ya auna jinin mahaifina, Alhaji Uba mai atamfa, ya sake aunawa, ya ce in bai rage tumbi ya riƙa motsa jiki ba, ɓarin jikinsa zai shanye. Haka yayansa ya tafi. Mu bakwai ne a gida, shi kaɗai muke kallo. Mahaifiyarmu ta tsallaka maƙwabta ta gaya wa Malam Othniel.

Da gudu aka fara. Baba ya fita da jallabiya. Kafin ya kai kwanar layi mutane sun firfito: "Alhaji, lafiya? Gobara ce?" Wani mai shayi ya ɗauki sanda ya bi shi yana tambayar ina ɓarawon ya yi. Baba ya dawo yana haki ya ce dattijo ba ya gudu sai da dalili.

Malam ya kawo igiyar tsalle, a yi a tsakar gida inda ba mai gani. Tsalle uku, kaji suka watse, hula ta faɗa rijiya. Ya kawo keke, a je Samaru a dawo. Baba ya kai Kwangila, ya dawo a bas, keken a sama. Ya kawo gwangwanayen madara biyu cike da siminti, ƙarfe a tsakani. Har yau da su muke tokare ƙofar kicin. Da ya ambaci langa, Baba ya dube shi ya ce, "Malam, ni jikanka ne?"

Da wani ne, da ya haƙura. Kai ba ka haƙura ba, Malam. Kai ne ka gane abin da likita bai gane ba: mutumin da ba zai yi taku goma don kansa ba, zai yi dubu don kada a ce maƙwabci ya kira shi bai amsa ba.

Bayan mako guda motarka ta daina tashi.

Ranar farko Baba ya fito da carbi a hannu, ya sa kafaɗa. Okechukwu mai sayar da kayan gyaran mota ya kama ɗaya gefen. Sai da suka kai ƙarshen layi ta tashi. Washegari sai da suka kai bakin titi. Duk wanda ya gan su, "Sannu Alhaji, Allah ya ba da lada" yake cewa. Ba wanda ya ɗauko sanda.

Kuma ba ka bari ya gundura ba. Yau turi ne. Gobe taya ta sace, sai famfon hannu, bugu ɗari. Jibi lagireto ya sha ruwa, sai jarka biyu daga rijiya. Wani lokaci ka ce kamar ta fi son hanyar Chikaji, mai ɗan tudu. Baba yakan dawo jiƙe da gumi yana mita: "Mutum da albashinsa ya kasa gyara mota!" Ya yi wanka, ya ci kunu da ƙosai, ya tafi kasuwa. Tazugen wandonsa ya fara yin saura.

Watan jiya likitan ya auna, ya cire tabarau, ya sake aunawa. Ya tambayi Baba wane motsa jiki yake yi. Baba ya ce, "Ni? Ba na yi."

Ranar Asabar da ta wuce aka taru a ƙofar gidan Malam don sallama. Okechukwu ya kasa riƙe cikinsa. Ya ce, "Alhaji, wallahi sau uku na ce zan gyara kyauta ya hana ni. Lafiyar motar nan ƙalau. Waya ɗaya yake zarewa, in kun gaji ya mayar."

Malam Othniel ya sunkuyar da kai yana wasa da usur.

Baba ya ce, "Okechukwu, kai ne baƙo. Motar da ke tashi da kanta duk ranar Lahadi ta kai shi coci? Tun shekarar farko na gane."

Okechukwu ya ce, "To, Alhaji, me ya sa kake fitowa?"

"Ya ce a taimaka."

Malam ya tashi, ya laluba ƙasan sitiyari, ya zaro 'yar jar waya, ya danƙa wa Baba. Ya ce a bas zai tafi, motar ta zauna a layi, Okechukwu ya riƙe sitiyari. "Alhaji, amana ce. Kada a mayar sai an kai titi." Baba ya zura ta a aljihu, wajen carbi.

Malam Othniel, mai usur, maƙwabcin ƙwarai, kai ne ka bar mutane suna yi wa motarka dariya shekara huɗu don kada a yi wa ubana. Mu bakwai mun gode. Allah ya kai ka gida lafiya, ya ba ka hutu mai daɗi.

Saura mu. Duk mai maƙwabcin da likita ya yi wa gargaɗi, in hanya ɗaya ta ƙi ya gwada wata, kada ya yi masa wa'azi. Ya nemo abin da zai ce masa a taimaka.