Kakin Zuma a Indararo

Ɗis! Ɗigo ɗaya ne ya faɗo daga moɗa a kan murfin gwangwanin da nake ajiye kakin zuma. Bai baje ba. Ya dunƙule kamar ƙwayar tasbaha, ya gangara, ko sawu bai bari ba.

Shekarar nan damina ta ƙi zuwa, rijiyar unguwarmu ta koma laka, sai wajen garin Turba muke zuwa ɗibar ruwa da jaki. Na tsaya ina kallon murfin, sai na tuna malamarmu ta kimiyya ta taɓa cewa ruwa yana maƙalewa jikin abin da yake bi, shi ya sa yake nawa. Indararon ɗakinmu kuwa tsohon icce ne, duk yayyafin da ya sauka a soro shi ke fara sha kafin randa ta samu.

Na narka kakin, na hau turmi, na shafe shi ciki da waje, ina bismilla. Maigida ya shigo ya same ni a sama.

"Ke, mi kike yi ma indararo?"

"Malam, santsi za ni sa mai, ruwa ya daina tsayawa gaisuwa."

"To Allah shi kawo ruwan tukuna," in ji shi.

Kwana goma sha tara ina goge shi da tsumma. Maƙwabta har leƙowa suke, wata ta ce ko aure za a yi mai.

Ranar wata Laraba bayan la'asar hadari ya haɗu. Na jawo randa daidai inda ruwa ya saba zuba tun zuwana gidan. Aka sako shi. Ruwan ya biyo indararo da gudu, ya tsallake randa, ya tsallake darni, ya sauka kan jakin maƙwabci. Malam ya ruga da tukunya, santsin kakin da ya ɗiga ƙasa ya zaunar da shi. Kafin mu matsar da randa an ɗauke ruwa. Na leƙa ciki, ƙura ce kawai.

Na ce Alhamdulillahi, amma hawaye suka zo. Ɗiyata, 'yar shekara biyar, ta kama zanena tana kallon sama.

"Inna, bar kuka. Gobe ki hau turmi ki shafa ma gajimare, shi ma ya saki nashi."