Ayabar da aka karɓe mini a ƙofa

Da aka sassauta kullen korona, na bar ɗakina a unguwar Setapak, can ƙasar waje da nake zaune, na tafi wata cibiya da ake jinyar birran orangutan, waɗanda aka sare musu daji. Mu ba ma zuwa dubiya hannu rabbana, don haka na sayi nonon ayaba a shagon ƙasan benenmu.

A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta karɓe ayabar, ta miƙo mini takunkumi na biyu in ɗora a kan nawa. Raina ya ɓaci. A shekarar na gaji da yadda ake matsawa gefe in na shiga jirgin ƙasa, saboda baƙar fatata. Na ja na tsaya in ga ko Sinawan da ke bayana za a yi musu haka. Aka yi musu, amma ban saki jiki ba.

Ma'aikaciyar ta ce tarinmu yana kama birran, kuma birin da ya saba karɓar abinci a hannun mutum ba ya komawa daji.

A ciki, wata uwar biri ta hango ni, ta kafe ni da ido, ta janye ɗanta. Na san kallon nan sarai. A duk ƙasar, ita kaɗai ce ke da hujjar yi mini shi.