Ƙaras-ƙaras na 'Yar Fari

Biba maƙwabciyata ce a Rillieux-la-Pape, wata unguwa a gefen birnin Lyon na Faransa, ƙofarta na kallon tawa a hawa na bakwai. Ita 'yar Damagaram ce, ni ta Maraɗi. Tun ranar da ta ji ina yi wa ɗana tsawa da Hausa a bakin bene, ba mu sake rabuwa ba. A shekarar 2001 ta biyo mijinta, Malam Falalu, wanda ya gama karatu a jami'ar da ke Bron kusa da mu ya samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Ta iso da yarinya 'yar shekara biyar, Raliatou, da cikin ƙaninta Moutari. Aikinta raba wa yara abinci a wata firamare. Mace ce mai sanyi, magana sai ta kama dole. Ni kuwa Allah ya ba ni bakin mutum biyu, sai muka dace.

Duk Bahaushen da ya zauna Lyon a shekarun nan ya san Biba da abu ɗaya, wato ƙaras-ƙaras. A gabana aka fara shi. Wata Disamba, ana gab da hutun Noël, wato Kirsimeti, Raliatou ta dawo daga makaranta da yankin wani burodi mai duhu da Faransawa ke kira pain d'épices, tana gutsira tana santi. Da yarinyar ta shiga ɗaki, Biba ta ɗauki ragowar ta sansana, ta dube ni.

"Zeinabou, wannan ai kayan yajin kunu ne. Ga citta, ga kanumfari. Ashe Nasara ma sun san daɗi."

Ta gwada gasa burodin. Na farko ya fito kamar tubali. Na biyu ya turnuƙe mu da hayaƙi har tsohon da ke ƙasanmu ya hawo da bokitin ruwa. Sai ta haƙura, ta koma ga abin da hannunta ya sani, don a gida ita gwanar kantun riɗi ce da gyaɗa mai sukari. Ta jawo kwalin hatsin karin kumallon yara, irin wanda ake zuba wa madara, ta ce wannan ma ai hatsi ne.

Ga yadda take yi, na gani har na haddace, amma nawa bai taɓa kama ƙafar nata ba. Kayan ƙamshin ba ta yarda da na kwalba ba, sai ta daka da kanta a ɗan turmin da ta zo da shi daga gida. Takan ninka tawul ta ɗora turmin a kai don kada tsohon nan ya sake hawowa. Citta da yawa, kanumfari, kirfa, masoro kaɗan, da guntun kimba wanda ta ce shi ke nuna ba Bafaranshe ya yi ba. Sai ta narka man shanu da zuma da jan sukari a tukunya, ta zuba garin yajin, ta kwarara a kan hatsin da gyaɗa da riɗi. Juyawa ita ce aikin. In ka yi gaggawa hatsin ya farfashe ya zama gari, don haka a hankali take ɗagowa da muciya daga ƙasa, ba ta magana, ba ta amsa waya. Daga nan ta baza a faranti ta tura cikin fur, wato murhun gashi, wuta ƙasa-ƙasa, tana buɗewa tana motsawa. In ya yi ja sai ta buɗe taga, sanyin Disamba ya ƙarasa mata aikin.

Ƙamshin kan sauka har ƙofar gini. Ɗaliban Nijar da ke Bron, waɗanda hutu kan bari su kaɗai a ɗakunan jami'a, su suka fara gano hanya. Sukan zo wai gaida Malam, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai an miƙo leda. Shekarun da Layya ta faɗo cikin Disamba kuwa, ƙaras-ƙaras ya shiga kayan salla, ana raba shi tare da soyayyen nama.

Akwai abin da masu ci ba su sani ba. Gefen faranti yakan ɗan ƙone, tsakiya ce ke fitowa jawur, dunƙule-dunƙule. Wannan tsakiyar Biba kan fara kwashewa ta zuba a wani gwangwanin biskit, ta rufe, ta kira Moutari.

"Ungo, kai wa yayarka."

Ita da yarinyar ɗaki ɗaya ne tsakaninsu, amma sai da ɗan aike. Ba sai na gaya wa Bahaushe kunyar 'yar fari ba. Biba ba ta kiran sunan Raliatou, ba ta yabonta, ba ta zama kusa da ita in da mutane. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". A wurin likita in an tambayi suna, sai ta miƙa kati. Malam Falalu ya daɗe da sakin tasa kunyar, makaranta da ofisoshi sun koya masa dole. Ita kuwa ta riƙe gam.

Ni ba na zagin al'ada, da ita aka rene ni. Amma a Damagaram gidan cike yake: kaka ta goya, goggo ta yi kitso, inna ta kira ki da sunan wasa har ki gaji. Uwa ta kau da kai, hannu goma na tallafe da ke. A hawa na bakwai fa? Mutum huɗu ne cikin ɗaki uku. Moutari na kan cinya ana "Moutarina, ɗan albarka", yarinya na gefe tana aikin makaranta tana ji. An ɗauko kunyar an hau jirgi da ita, an baro kakar a gida. Abin yana ci mini rai, kuma na faɗa.

"Biba, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ɗiyar nan ba ta san dalili ba."

"Haka uwata ta yi mini, na mutu ne?" in ji ta. "In ta girma ta gane."

Ta girma, ba ta gane ba. Ranar da ta gama karatun haɗa magani ta shigo da takardarta tana haki, Biba ta juya ga tukunya ta ce, "To, madalla. A wanke hannu a ci abinci." Bayan nan ta tsallako ɗakina, ta rufe ƙofa, ta danna fuska cikin matashin kujera ta rangaɗa guɗa, hawaye shaɓe-shaɓe. Na ce mata matashin nan ba shi ya ci jarrabawa ba. Ta share ido ta koma ta ci gaba da rabon shinkafa.

Raliatou ta samu aiki a wani kantin magani kusa da Porte de la Chapelle, ta koma Paris. Disambar farko ba ta zo ba, ta ce aiki. Biba ta ba wani ɗalibi gwangwanin ya kai mata. Disamba ta biyu, ta 2018, ni ta kira.

"Tantie, ina wuni. Ki gaya wa Maman kar ta wahalar da kanta ta aiko. Ça suffit, ya isa haka. Tana yi wa 'yan Bron, tana yi wa kowa, ni ma ɗaya ce cikin layi."

Na ce ta yi hankali da bakinta, na ba ta labarin tsakiyar faranti. Sai ta ce, "Ni ba tsakiyar faranti nake nema ba, Tantie. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Jamais, ko sau ɗaya." Ta ƙara da cewa ta samu aiki a Kanada, bayan sabuwar shekara za ta tafi, kuma ba ta ga amfanin zuwa Lyon sallama ba.

Ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Na tarar da Biba zaune a ƙasa tana dakan citta, na zazzage mata duka ban rage komai ba. Na ce ɗiyarki za ta ƙetare teku tana ganin ba ki sonta, ki zauna nan ke da kunyarki ku ci ƙaras-ƙaras. Ba ta ɗago ba. Ta gama daka, ta narka zuma, ta juya, ta gasa, ni ina tsaye ina huci. Sai da ta kwashe tsakiya ta rufe gwangwani, sannan ta ce, "Jirgin ƙasa na Paris, da sahe akwai?"

Muka tafi mu biyu. Ta rungume gwangwanin a cinya har muka sauka. Ba mu san ɗakin yarinyar ba, sai wurin aikinta, ga shi na kira wayarta ba ta ɗauka ba. Porte de la Chapelle da rana tsaka ba wurin mai sanyin murya ba ne: motoci na ta kwarara daga gada, masu kasa kaya a bakin titi na kiran ciniki, baƙi da jakunkuna sun cika ko'ina. Muna tsallaken titi sai na hango ta ta fito daga kantin da jar riga mai kauri, ta nufi matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa da sauri. Fitilar ba da hannu ta tsayar da mu, ba halin ƙetarawa.

Biba ta damƙe mini hannu. "Ga ta can. Kira ta, Zeinabou."

"Ni na haihe ta?"

"Don Allah, za ta shige."

Na kama bakina na dubi sama. Wallahi na san in yarinyar ta sauka shi ke nan, kuma laifina ne. Biba ta saki hannuna. Sai ta ja numfashi.

"Raliatou."

Ko ni da ke gefenta da ƙyar na ji. Yarinyar ta kai bakin matakala.

"Raliatou!"

Wannan karon har masu kasa kaya suka waiwayo, amma ita ba ta tsaya nan take ba. Ta taka mataki ɗaya, ta dakata, ta juyo tana dube-dube. Sunanta ne, muryar ce ba ta san shi da ita ba. Da ta gan mu, ni ta fara kallo. Na girgiza kai, na nuna mata uwarta da baki.

Fitila ta ba da hanya. Ita ta ƙetaro, ba mu ba. Ta tsaya gaban Biba, ba gaisuwa, ba komai, idonta ya ciko.

"Maman, ban ji da kyau ba. Sake faɗi."

Biba ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa, ta sake faɗa.