Murjanin Yaya Bashir

Wata Talata, a tsakiyar zafin shekarar 1998, na dawo daga sayo burodi na tarar da Umma durƙushe a falonmu na unguwar Kurayyat, can ƙasar Larabawa, tana yi wa akwatin gilashi fifita da murfin tukunya. Mukayyif ɗin da ke sanyaya mana ɗaki ya mutu tun safe. Gumi ya jiƙe mayafinta sharkaf.

Akwatin na yayana Bashir ne, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa. Shi ya cika shi da ruwan teku, ya jera murjani a ciki, ba irin na wuyan mata ba, mai rai, wani ruwan ƙasa wani shunayya. Yakan ce mini, "Ba dutse ba ne, yana jin zafi kamar ke." Watanni kafin nan aka kama shi ba iƙama, wato takardar izinin zama, aka tura shi Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Tun daga ranar Umma ta riƙi akwatin nan tamkar jariri.

Aikina ya koma jigilar ƙanƙara. In cika gorunan roba da ruwa, in bi maƙwabta su saka mana a firji, in dawo a guje, zafin kwalta na ratsa silifana. Mu jefa su cikin ruwan, mu toshe taga da bargo, mu kashe fitilar akwatin. 'Yar gala-galar da muke yi a lungu duk na daina. Duk da haka launin ya riƙa gushewa, daga kan rassa zuwa gindi, har murjanin ya yi fari fat. Na ce ya yi kyau. Umma ta ce, "Likkafani ma fari ne." Kafin a gyara mukayyif ruwan ya gurɓace, ɗoyi ya cika gida. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, Hauwa, a zubar." Da hannunta ta kwashe, ba ta bari kowa ya taɓa ba.

Da Yaya ya bugo waya gidan maƙwabta ya tambayi murjaninsa, Umma ta ce, "Yana nan lafiya, yana jiranka." Zazzaɓi ya kashe Yaya a Kano kafin shekara ta zagayo.

Yanzu 'ya'yana na da takardunsu cif, ba su san fargabar fita titi ba. Sukan tambaye ni da Larabci wane ne Bashir ɗin da autansu ya ci sunansa. Nakan fara ba su labari, sai in ga hankalinsu ya koma kan waya. Wani rashin, wanda ya gani kaɗai ke ɗauke da shi.