Gidaɗo na Ruwa da Saniyarsa ta Tsibiri

Idan ka shiga Kambarawa kana neman gidan Malam Gidaɗo, sai an tambaye ka wanne, don ba shi kaɗai ke da sunan ba. Amma ka ce Gidaɗo na Ruwa, kowane ɗan kabu-kabu zai sauke ka a ƙofar zaurensa. Dattijo ne dogo, siriri, mai farin gemu kaɗan a haɓa. Da la'asar yakan kafa tukubarsa ta balangu a Ƙofar Durbi, kuma masu sayen nama sun san cewa idan ba ka cikin sauri, da labari za a haɗa maka.

A wata ruga gabas da birnin Katsina aka haife shi. Yana saurayi aka yi babban farin nan da ya cinye shanun mutane, garken mahaifinsa ya koma abin da ba ya buƙatar makiyayi biyu. Sai Gidaɗo ya shiga rakiyar shanun fatake a mota zuwa Ikko. Tafiya ta uku bai dawo ba. Ya zauna a kwata wurin wani mahauci Bakatsine, ya koyi fiɗa da yankan nama. Da labari ya kai gida, mahaifinsa ya yi fushi sosai. Ya aika masa da saƙo a bakin wani falke cewa Bafulatani kiwon saniya yake yi, ba feɗe ta ba.

Maigidansa na kwata yana kai nama tashar jiragen ruwa, Gidaɗo ne ke dakon kaiwa. Wata rana ya shiga da kaya cikin wani farin jirgi, ya tarar da babban kukun jirgin, wani ɗan Gana mai ƙaton ciki, yana fama da cinyar saniya, don mai yanka masu nama ya kwanta ciwo an sauke shi. Gidaɗo ya karɓi wuƙar ya raba masa cinyar. Kukun ya dube shi ya ce, cikin Hausar da ya koya a zangon Kumasi, "Kana tsoron ruwa?"

Gidaɗo ya ce, "Ban san shi ba balle in ji tsoronsa."

Neman takardu ya ɗauki watanni. Da jirgin ya sake zagayowa, da Gidaɗo ya tashi.

Ruwan kuwa ya gabatar masa da kansa. Makon farko bai riƙe komai a cikinsa ba sai shayi. Ga matsalar alƙibla: sai ya tayar da salla yana fuskantar gabas, kafin ya yi sallama jirgi ya juya da shi. Wani ma'aikaci Musulmi ɗan Indiya ya kwantar masa da hankali, ya ce ya fara daidai, sauran ya bar wa Allah. A hankali ƙafarsa ta saba, har ya zama yana yanka nama jirgi na tangaɗi ba tare da ya yanke yatsa ba.

Jirgin tsoho ne, kuma ƙarami, na 'yan yawon buɗe ido. Yawancin fasinjojin tsofaffin Turawa ne masu rataye da madubin hangen nesa. Abin da ya fi ba Gidaɗo mamaki shi ne mutum ya baro gidansa da jikokinsa, ya yi makonni a kan ruwa, don kawai ya kalli tsuntsu. Saboda irin waɗannan mutane jirgin yake bin ƙananan tsibirai na can ƙurya, inda babu ko wurin da jirgi zai jingina. Sai dai a tsaya nesa a saki anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, mutanen gari su fito da ƙananan jiragensu su ɗebi baƙi.

Manyan birane da ya gani ba ya yawan zancensu. Ya ce duk ɗaya suke, mota da hayaniya. Tsibiran ne ke bakinsa. Akwai wanda ƙamshin kanumfari ke tarar mutum tun ƙasa ba ta bayyana ba. A nan ne ya ji kiran salla yana tsaye a bayan jirgi, ya roƙi izini ya sauka, ya yi Juma'a da mutanen da ba ya jin yarensu, bayan an idar wani tsoho ya ja shi gida ya ba shi shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa. Akwai wanda kunkurunsa ya kai ɗan maraƙi girma. Akwai wanda ranar da jirgi ya zo ake tashin 'yan makaranta, mata su jera tebura a bakin ruwa da huluna da kifi busasshe, gari ya zama kamar ranar salla.

Amma wanda ya fi so shi ne wanda yake kira Tsibirin Dankali. Ya ce sunansa na gaskiya yana karya harshe, shi ya sa ya raɗa masa nasa. Dutse ne guda a tsakiyar teku, can kudu inda sanyi yake, da ɗan fili kore a gindinsa. Mutanen ba su fi na ƙaramin ƙauye ba. Dankalin Turawa suke nomawa, suna kamun kifi, suna da tumaki masu gashi da 'yan shanu.

Zuwansu na farko, babban kuku ya shirya sayen sa guda daga wani dattijo mai suna Walta. Gidaɗo ya ce a bar shi ya je ya yanka da hannunsa, don Musulmin jirgin su ma su ci. Aka sa shi a ƙaramin jirgi da safe. Ya yanka, ya feɗe, aka kwashe naman aka yi gaba da shi, shi kuma ya tsaya wanke wuƙaƙensa. Kafin ya gama iska ta juya. Igiyar ruwa ta fara dukan duwatsun bakin gaɓa, mutanen gari suka janye jiragensu kan tudu. Yana tsaye yana kallo farin jirginsu ya ɗaga anga ya zagaya bayan dutsen don neman mafaka.

Baba Walta ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana. Gidaɗo bai gane ko rabi ba, don Turancinsa na kicin ne, na tsohon kuma wani iri ne daban. Abin da ya fahimta shi ne jirgi zai dawo idan ruwa ya huce, kuma akwai abinci a gida.

Ya yi kusan mako a gidan. Matar Walta ta ba shi rigar sanyi ta gashin tumaki wadda hannuwanta suka tsaya masa a gwiwar hannu, ta ware masa tukunya da ya nuna mata abin da ba ya ci. Washegari ya bi tsohon wurin shanu. Rabonsa da tatsa tun yana ruga. Ya tsuguna, ya yi wa saniyar irin ƙyaccin da ake yi wa shanu a gida, ta waiwayo ta dube shi, ta tsaya. Ya ce da ya ji ƙarar nono a cikin bokiti sai da ya sunkuyar da kai kada tsohon ya ga idonsa.

Daga nan ya ƙudura sai ya sha kindirmo. Ya dafa madara ya ajiye, sanyi ya hana ta barci. Ya naɗe kwanon da rigar sanyin ya kai bayan murhu. Da ta kama, sai ga wata matsala: babu gero a tsibirin, balle fura. Ya ɗauki dafaffen dankali ya dama a ciki. Matar gidan ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Baba Walta kuwa ya shanye nasa ya miƙo kwano a ƙara masa. Har yau Gidaɗo yana cewa shi ne mutum na farko da ya dama furar dankali, kuma yana roƙon Allah ya zama na ƙarshe.

Ana gobe ruwa zai kwanta, suka je da safe suka tarar wata saniya ta haihu. Maraƙa ce ja, tana ta ƙoƙarin miƙewa a cikin ciyawa. Walta ya nuna ta, ya nuna ƙirjin Gidaɗo. Gidaɗo ya zaci cewa yake ya ɗauke ta, ya ɗauka. Tsohon ya yi dariya ya girgiza kai, ya sake nunawa, ya faɗi kalmar da Gidaɗo ya sani: taka ce. Ya sa mata suna Woɗe, wato ja da Fulatanci. Jirgi ba ya ɗaukar dabba mai rai, don haka a wurin uwarta ya bar ta.

Da ya zo hutu Katsina a shekarar, ya je ruga gaida mahaifinsa, wanda har lokacin bai gama saukowa ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baffa, na yi saniya."

Tsohon ya ɗago. "Tana ina?"

"Tana wani tsibiri. Tafiyar kwanaki ce a ruwa."

"Kana jin kukanta?"

"A'a."

"To ta mai jin kukan ce." Sannan ya ce, "Wane launi?"

Suka kai har azahar suna zancen maraƙar: ƙafafunta, goshinta, irin ciyawar wurin, yadda shanun can ba su da tozo. Bayan tafiyarsa, aka ce tsohon ya riƙa faɗa wa mutane a kasuwa cewa ɗansa yana da dabbobi a ƙasar waje. A wannan hutun ne kuma aka ɗaura masa aure da Mero, ya kama mata ɗaki a Kambarawa, a filin da daga baya ya gina gidansa.

Jirgin yakan bi ta tsibirin shekara-shekara, amma ba kullum ruwa ke bari a sauka ba. Wata shekarar sai dai ya ari madubin wani fasinja ya tsaya yana laluben jar saniya a gindin dutse. Fasinjojin suna neman tsuntsu, shi yana neman Woɗe. Shekarar da aka sauka kuwa, tun daga nesa zai hango Walta a bakin gaɓa da hularsa a hannu. Woɗe ta girma ta haihu, 'yarta ma ta haihu. Ciyawar tsibirin ba ta ɗaukar garke, saboda haka tsohon yakan rage su, ya ba Gidaɗo rabonsa a buhun dankali da safar ƙafa da matar Walta ta saƙa. Safar nan har Katsina ta zo. Mero ta juya ta ta ce, "Wannan ita ce ribar kiwon?"

Zuwansa na ƙarshe bai san na ƙarshe ba ne. Sun yi sallama da Walta kamar kullum. Bayan 'yan watanni aka sayar da jirgin, aka ce ya tsufa. Kamfanin ya mayar da Gidaɗo wani sabon jirgi, ƙato, wanda ya ce ya fi unguwarsu yawan mutane. Irin wannan ba ya tsayawa inda babu tasha. Daga babban birni sai babban birni, inda akwai kantuna da motocin ɗaukar baƙi. Nama kuma a kwali yake zuwa, a daskare kamar dutse, ba ka san ko launin saniyar ba. Ya yi shekara guda ya ce ya isa, ya tattaro ya dawo gida.

Yanzu yakan yi waya da tsohon kukun nan ɗan Gana, wanda shi ma ya ajiye aiki. Shi ne ya gaya masa cewa jiragen baƙi sun yi wuya a waɗancan wurare, sai jifa-jifa. Gidaɗo yakan yi tunanin matan nan masu tebura a bakin ruwa, ko wa suke sayar wa huluna yanzu. Walta dai ya san da wuya yana raye. Amma zancen ba ya sa shi baƙin ciki. Abokinsa Malam Dabo tela, wanda shagonsa ke kusa da tukubar, yakan tsokane shi ya ce, "Na Ruwa, yaushe za a kai mu mu ga dukiyar nan?"

Shi kuma ya ce, "Ka tanadi cikinka tukuna. Kai da mota ke sa ka amai kahin Jibiya."

A gida yana da shanu biyu farare a bayan ɗaki, Mero ke sayar da nonon. Ita ce ta riƙe gidan duk shekarun da yake kan ruwa, ta yi renon 'ya'ya biyar, kuma ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba. Bayan ƙaramar sallar bara, babban ɗansu Mustapha ya aro mota ya kai su madatsar ruwa ta Ajiwa. Da suka isa, wani masunci ya yarda ya zaga da su a kwalekwale. Gidaɗo ya shiga gaba yana ta ba da umurni: ta zauna a tsakiya, kada ta miƙe, idan ta ji jiri ta dubi nesa.

Mero ta tattare zanenta ta zauna. Da suka yi ɗan nisa ta saki gefen kwalekwalen, ta tsoma hannu a ruwa.

Ta ce, "Malam, haka naku yake?"

"Namu ba a ganin ƙasa ko ta ina."

"To mi kuke kallo?"

"Ruwa."

Ta yi dariya har kwalekwalen ya motsa, Gidaɗo ya yi sauri ya riƙe gefe. Masuncin ya tambaya ko a juya. Mero ta ce a'a, a ƙara gaba kaɗan, tana son ta ga wancan gefen. Sai da rana ta yi sanyi suka fito, suka sayi karfasa a hannun mutumin, Mustapha ya sa a bayan mota suka kamo hanyar birni.