Kujerar Baban Aji

A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni magidanci ne da ya doshi hamsin, ina zaune da iyalina a Tarauni, aikina kuwa buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Ba yabon kai ba, a lokacin ko an rufe min ido sai in cika shafi ba kuskure ko ɗaya, kuma hakan ya sa min wani girman kai irin na mutumin da ya daɗe ba a yi masa gyara ba. Na rubuto muku ne in ba da labarin wata wauta da na tafka, wadda yau nake tunawa in yi dariya ni kaɗai, amma a lokacin ta kusa rufe wa mutane da dama ƙofar karatu, har da 'yar cikina.

Sabon shugaban da aka turo mana ya zo da kwamfutoci, ya kuma ce duk wanda bai iya aiki da su ba za a mayar da shi ɗakin ajiye fayil. Da farko na yi ta cika baki ina cewa kayan wasan yara ne, sai ranar da na ga masinja ya kinkimi tafiretata ya nufi sito da ita, sannan jikina ya yi sanyi. A ɓoye na je wata ƙaramar kwaleji a Gyadi-Gyadi, ta wata mata Kirista 'yar Kudu da kowa ke kira Madam, na shiga ajin yamma da ake yi bayan la'asar. A gida na ce aiki ne ya ƙaru tun da aka canja gwamnati. 'Yan ajinmu duk na haife su, daga ma'aikatan jinya na asibitin koyarwa sai yaran shaguna, nan take suka laƙaba min suna Baban Aji, suka bar min kujerar da ke kusa da taga saboda fanka ba ta aiki. Gaskiya na ji daɗin zama da su fiye da yadda na zata.

Ashe kwalejin kanta tana cikin wani hali. Makarantun kwamfuta sun fara ɓullowa a kowane lungu, ɗalibai suna raguwa, wuta ba ta zama, man janareta ya yi tsada, ga haya ga albashin malamai. Sai Madam ta fito da wata dabara, ta ce duk ɗalibin da ya kawo wani za a rage masa kuɗin makaranta. To, ka san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ni sai da ta kai ni. Ina da 'yar fari da ta gama sakandare tana zaman gida, kullum tana roƙon uwarta a sa ta a makarantar kwamfuta, sai na kai ta ajin safe. A tunanina ita safe ni yamma, babu abin da zai haɗa mu. Na roƙi Madam ta rufa min asiri, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta ji.

Sai na yi wa matasan masu karatu bayani kaɗan, don na san yanzu abin ya fara gushewa. Mu yadda muka taso, akwai kunya tsakanin mutum da ɗansa na fari. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba, daga “ke” sai “yarinyar nan”, ba ma doguwar hira, in na shigo tsakar gida takan sulale ɗaki. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani duk cikin 'ya'yana babu wadda ta kai ta a zuciyata. Amma a ce ta gan ni ina lalube, malami sa'an ɗan cikina yana kama hannuna yana nuna min inda zan danna, wannan gara ƙasa ta tsage in shige.

Dabarar ragin ba ta kawo mutane yadda Madam ta so ba, sai ta yanke shawarar haɗe ajin safe da na yamma su koma yamma, a riƙa kunna janareta sau ɗaya, a biya malami ɗaya. Ranar da aka sanar ina Darmanawa wajen ta'aziyya, ban ji ba. Ran Litinin na kafe babur ɗina, na doshi aji da 'yar jakata ina fara'a, ina leƙawa ta taga sai na hango mayafin da ni na saya da hannuna ranar sallah. Tana zaune a kan kujerata, a gaban kwamfutata. Ban san lokacin da na juya ba. Babur ɗin ma turawa na yi har bakin titi, don kada ƙararsa ta tona ni.

Daga ranar na daina zuwa. Da yake na riga na ce aiki ne ke riƙe ni, dole in ci gaba da yin yamma a waje, sai na koma zama wajen wani mai shayi a Ƙauyen Alu, ina shan shayin da ba na so, ina kallon masu wucewa kamar marar gida. A ofis kuwa ana ta tambayata yaushe zan kawo takardar shaida. Na rame, abinci ba ya min daɗi, maiɗakina ta fara tambaya ko wani ciwo nake ɓoyewa. Wata rana da magariba ina alwala na jiyo yarinyar tana gaya wa uwarta cewa Madam ta ce ko da an haɗe ajin, sai ɗalibai sun kai wani adadi kafin a shiga zango na biyu, in ba haka ba za a rufe sashen, kuma mutum ɗaya tak ya rage, wani dattijo da ya ɓace ba labari. Ta ce Allah ya sa ba rashin lafiya ba ce ta kama bawan Allah, don kowa a ajin yabonsa yake. Na tsaya riƙe da buta har ruwan ya tsiyaye. Duk da haka, don taurin kai, washegari wajen mai shayin na koma.

Ran Asabar da hantsi ina ƙofar gida, na naɗe wando ina wanke babur, sai ga ayari ya shigo layinmu. Gaba-gaba wani ma'aikacin jinya ne ɗan ajinmu da na taɓa rage wa hanya, na tsaya da shi a gida na ɗauki wani saƙo, shi ne bai manta gidan ba. Tun daga nesa ya nuna ni yana murna, yana cewa ga Baban Aji nan da ransa da lafiyarsa. A can bayansu kuwa ga 'yata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Daga baya na ji cewa Madam ce ta zaɓe ta da kanta ta yi magana a madadin aji, har yau kuma ina zargin matar nan da gangan ta yi. An ce tun da suka karyo kwanar layinmu yarinyar ta koma baya, ba wanda ya gane dalili.

Aka gaisa, soso na hannuna kumfa na ɗiga, na rasa inda zan sa idona. Suka ce mata bismillah. Na ɗauka za ta ruga cikin gida, sai ta matso ta durƙusa kamar yadda ta saba, idonta a ƙasa, ta ce, “Baban Aji, 'yan ajinku ne suka aiko ni. Kujerarka na zauna ban sani ba, na kuma tashi. Don Allah a dawo.” Sai ga maiɗakina daga zaure tana dariya har da hawaye, ashe duk tana ji. Nan sauran suka gane abin da ke ciki, layi ya kaure da dariya, ni ma tun ina cijewa har ta ƙwace min. Ranar sai da aka dafa musu shinkafa da wake suka ci kafin su tafi.

Na koma ran Litinin, ba a kuma rufe sashen ba. Abin da na yi ta gudu bai kashe ni ba. Ta zauna a kujerar da ke kusa da tawa, in na rikice sai dai ta nuna wurin da bakin biro ta ɗauke kai. In aka zo gasar saurin bugu kuwa nan nake fanshewa, ba mai kamo ni, sai in ji tana gaya wa ƙawayenta ƙasa-ƙasa cewa ai babanta ne. A waɗancan watannin na san 'yata fiye da duk shekarun da muka yi a gida ɗaya. Mun karɓi takardar shaidarmu rana guda, na ci gaba da aikina har na yi ritaya, ita kuma ta samu aiki a wani asibiti.

Abin da na koya shi ne, akwai kunya ta mutunci, akwai kuma girman kai da ke aron rigar kunya ya saka, ni kuwa na biyun ne ya zaunar da ni wajen mai shayi. Ina jan hankalin 'yan'uwana magidanta, kada ganin idon 'ya'yanku ya hana ku neman abin da ba ku sani ba, domin ba raina ku za su yi ba, kuma ba ka san wa kujerar da ka bari za ta cutar ba. Ni dai har yau ban kira sunan yarinyar nan da bakina ba, hali zanen dutse. Amma da aurenta ya zo ban yarda an kai katin gayyata shago ba. Ni na zauna na buga shi da hannuna, sunanta na fara sawa, kuma da haruffan da suka fi kowanne girma.